Masaukin Matafiya: Fili Ake Saya Ko Amana?

Duk wanda ya tashi daga Yalwawa bayan sallar isha'i ya bi hanyar Shuwarin, ko kuwa ya nufi Kwanar Huguma, zai ga abin da ido ya saba da shi har ya daina lura. Manyan motoci ne jere a gefen kwalta, waɗansu ɗauke da hatsi, waɗansu da siminti, waɗansu da riɗi ko zoɓo, ga kuma tankokin mai a tsakaninsu. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa, yaron mota ya haye bisa kaya ya ƙudundune, kowannensu barcinsa rabi da rabi, kunne ɗaya yana sauraron motsin ɓarawon batir. In gari ya waye sai su yi alwala da ruwan jarka, su zaga bayan wani kango, su sha shayi, su kama hanya. Tun da ba su ba kowa ko kwabo ba, sai mu ce sun kwana kyauta. Abin da nake so mu duba yau, mai karatu, shi ne ko kwanan nan kyauta ne da gaske. In kuwa ba kyauta ba ne, wa yake biya, kuma nawa yake biya.

Ba mu kaɗai ne muke da matafiya masu kwana tare da motarsu ba. A Amurka akwai miliyoyin mutane da suka mallaki irin motar nan da aka shirya ɗaki a cikinta, da gado, da murhu, da makewayi, wadda za mu iya kira mota mai ɗaki. Wata da injinta, wata kuwa jan ta ake yi kamar tirela. Iyali sukan shige ta lokacin hutu su yi makonni suna zaga ƙasa, waɗansu tsofaffin da suka yi ritaya ma sukan sayar da gidansu ɗungum su koma cikinta. Amma fa kome kyan motar, in dare ya yi tilas ta nemi inda za ta tsaya, ta ja wutar lantarki, ta cika tankin ruwa, ta zubar da ƙazantar da ta tara. Wannan bukata ita ta haifi sana'ar zangon motoci, kuma muhawarar da suke yi a kan tsadarsa da amfaninsa tana da darasi gare mu, ko da yake namu matafiyan neman abinci ne ya fito da su, ba yawon shan iska ba.

YADDA AKE HAYAR SUNA

A shekarar 1962 wani ɗan kasuwa mai suna Dave Drum, a garin Billings na jihar Montana, ya lura da motoci suna ta wucewa za su baje kolin duniya da aka yi a birnin Seattle, kuma masu su ba su da wurin kwana sai gefen hanya. Sai ya gyara wani filinsa a bakin kogin Yellowstone, ya sa wurin wanka mai ruwan zafi, da makewayi mai tsabta, da ɗan kanti, ya yanka wa kowace mota dala 1 da santi 75 a dare. Daga wannan fili ne kamfanin Kampgrounds of America, wanda aka fi sani da KOA, ya samo asali. Yau yana da zango fiye da 500 a Amurka da Kanada, kowanne da allon nan mai ruwan ɗorawa a bakin hanya.

To, abin lura shi ne yawancin waɗannan zanguna ba na kamfanin ba ne. Na mutane ne daban daban, kowa da filinsa da jarinsa, sunan kawai suka yi haya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin haka gidajen mai da yawa suke: allon na babban kamfani, amma gidan na wani Alhaji ne ɗan garin, wanda ya yi alkawarin zai bi ƙa'idar masu sunan. A tsarin KOA, mai zango yakan ba kamfani wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwanan da ya karɓa, kashi 8 ladan suna, kashi 2 kuɗin talla. Shi kuwa kamfani ya sa shi cikin littafin zangunansa, ya turo masa baƙi ta hanyar kama wuri tun daga gida, ya koya wa ma'aikatansa aiki, sa'an nan kowace shekara ya aiko masu duba aiki su bi wurin lungu lungu.

Masu suka a can suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa kashi goman nan ba daga aljihun mai zango yake fita ba, a kan matafiyi ake ɗora shi, shi ya sa zango mai suna yakan fi na Gwamnati tsada, sau da yawa ya fi na maƙwabcinsa marar suna. Suna cewa kuma mutumin da ya iso da dare zai tashi da asuba, an sa shi ya biya kuɗin tafkin ninƙaya da filin wasan yara da ko kallonsu bai yi ba. Bugu da ƙari, ga inda za a kwana ba ko sisi: a dazuzzukan Gwamnatin Tarayya na yammacin ƙasar, a wurare da yawa doka ta yarda mutum ya yada zango har kwana 14, kuma waɗansu manyan kantuna irin su Walmart sukan ƙyale mota ta kwana a farfajiyarsu. Me zai sa mai hankali ya biya kuɗin abin da zai samu a banza?

Amsar masu biya ita ce ba fili suke saya ba. Mutumin da ya yi awa takwas yana tuƙi, ga mata da yara a mota, ga duhu ya yi, a garin da bai san kowa ba, abin da yake nema shi ne ya san tun kafin ya isa cewa zai tarad da ruwa a famfo, da wuta a waya, da mai gadi a ƙofa, kuma kuɗin da aka faɗa masa da rana shi zai biya da dare. Wannan tabbaci shi ne hajar. Kuma ga abin da ya fi kome muhimmanci cikin labarin nan duka: wajen 1982 zangunan KOA sun kusa 900, amma zuwa 2002 sun dawo wajen 500, kuma cikin manyan dalilan raguwar akwai tsananta ƙa'ida da ta sa waɗanda suka kasa suka fita. Watau kamfanin ya gwammace ya rasa kuɗin haya daga ɗaruruwan wurare da ya bar allonsa a kan ƙofar da ba ta cika alkawari. Hausawa sun ce suna linzami ne. Sunan da ba a iya ƙwace shi daga wanda ya ɓata shi kuwa, ba ya jan kowa zuwa ko'ina.

ZANGO DA FATOMA

Kada wani ɗalibi ya ɗauka wannan dabara ce da sai an haye teku za a koyo ta. Kakanninmu sun san ta tun kafin a ƙera mota. Fataken da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, watanni suke yi a hanya da jakuna da takarkarai, kuma ba a kan ka suke tafiya ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, yana da uban dawaki mai kula da kuɗin fito da na sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, yana da malaminsa. Kowace rana an san zangon da za a sauka, an san rijiyarsa, an san inda dabbobi za su yi kiwo, an san kuma sarkin zangon da za a kai wa ƙara in wani abu ya ɓace. Har yau sunayen garuruwa suna ba da shaida: ga Zangon Daura, ga Zangon Katab, ga unguwannin Zango a Kumasi da Ankara da Lome.

In an shiga gari kuwa, sai a faɗa hannun fatoma, watau maigidan baƙi. Shi zai ba falke ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya aiko masa da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kayansa bashi. Ba ya cewa ga kuɗin ɗaki kaza. Ladansa yana cikin la'adar cinikin. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya rataya kacokan a kan waɗannan masu gidaje, domin su ne suke lamunce wa baƙo kuɗinsa a wurin mahautan da bai sani ba.

Me ya hana fatoma cin amana, alhali kuwa ba wata takarda da aka sa wa hannu? Abin da ya hana shi shi ne labari yana tafiya tare da ayari. In kayan falke ɗaya suka salwanta a gidansa bai biya ba, kafin damina ta zagayo duk hanyar ta ji, baɗi ba mai sauka wurinsa. Ashe ke nan fataken da kansu su ne masu duba aiki, su ne kuma masu sauke allo. Abin da Ba'amurke ya rubuta a yarjejeniya, Bahaushe ya riƙe shi a baki, amma ma'anar ɗaya ce: masauki yana da daraja ne gwargwadon abin da mai shi zai yi hasara in ya saɓa.

DAGA BARIKI ZUWA KANGO

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya kuma motocin lori suka yawaita, sai ayari ya mutu, zangunansa suka zama gonaki ko unguwanni. Turawa suka kawo nasu tsarin, watau bariki. Kusan kowace gunduma tana da gidan da Di'o ko Razdan zai sauka in ya fito rangadi, da sarkin bariki mai share shi, ya tanadi ruwa da itace. Ba don talaka aka yi shi ba, hasali ma da gumin talaka aka gina shi, amma ta fuskar tsari yana da abu guda: mai dubawa shi ne mai kwana a ciki, sabo da haka ba a wasa da shi. Bayan mulkin kai Gwamnatoci suka gaji gidajen, suka ƙara waɗansu masu ɗakin cin abinci, En'e-En'e da ƙananan hukumomi su ma suka gina nasu.

Ma'aikatan da suka daɗe a bakin aiki sun san ƙarshen yawancinsu. Na taɓa sauka a wani irin wannan gida, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, da takardar izni a hannuna. Mai gadi ya yi mini maraba da fara'a, ya buɗe ɗaki, sai ga katifa ta zama gidan ɓeraye, famfo ya yi shekaru bai ga ruwa ba, ƙofa kuwa da dutse ake tokare ta. Da na yi magana sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mun rubuta, an ce ana dubawa." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ko baƙi sun zo ko ba su zo ba, albashinsa ɗaya ne. Kuɗin da na biya kuwa ya tafi baitulmali, ba zai dawo ya sayi ko kwan fitila ba. Gidan da ba wanda zai yi hasara in ya lalace, lalacewa zai yi. Wannan shi ne darasin da ya kamata mu riƙe kafin wani ya ce maganin abin shi ne Gwamnati ta sake ba da kwangilar gina sababbi.

KUƊIN KWANAN KYAUTA

Yanzu mu dawo gida. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991 aka mai da Dutse hedkwata, garin yake ta karɓar baƙin da bai saba gani ba. An kafa Jami'ar Tarayya a 2011, an buɗe filin jirgin sama a 2014, ga sakatariya, ga sansanin masu yi wa ƙasa hidima. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, mai tsawon fiye da kilomita 500, wadda aka ba da kwangilar tagwaita ta a 2006, ta Shuwarin ta bi, kuma an buɗe sashen Shuwarin zuwa Azare a 2021. Ga kasuwannin mako masu jawo motoci daga nesa, irin su Shuwarin da Gujungu da Maigatari. An kashe kuɗi mai yawa domin mota ta yi gudu, amma ba a yi tunani sosai a kan inda za ta tsaya ba.

Bari mu yi lissafin direba tukuna. A 2024 litar man dizal, wanda direbobi suke kira gas, ta haura naira 1,000. In ɓarawo ya zuƙe lita 50 cikin dare ɗaya, an yi hasarar fiye da naira 50,000. Mu ƙaddara, don misali kawai, akwai zango mai katanga da mai gadi da yake karɓar naira 2,000 a dare: kuɗin man da aka sace sau ɗaya ya isa kwana 25 a cikinsa. Ba a yi maganar batir ba, ko taya, ko buhun da aka farke ta baya, ko 'yan kuɗin da ake miƙa wa samarin da suka naɗa kansu masu gadin titi, waɗanda ba su ba da rasit, ba su kuma biyan diyya. Direba yana biya, sai dai bai san ranar da za a karɓa ba, bai kuma san nawa ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Sai lissafin da ya fi wannan nauyi, watau na rai. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a ƙa'ida kada ya wuce awa 9 a rana. A Amurka iyakarsa awa 11, sa'an nan ya huta awa 10 a jere. Ba don tausayin direba kaɗai aka yi waɗannan dokoki ba, don wanda zai haɗu da shi a hanya ne. Mu ma muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, kuma kullum tana gargaɗi a kan gajiya. Amma yaya za a ce wa mutum ya huta alhali ba a nuna masa inda zai kwanta hankalinsa kwance ba? Wanda ya kwana yana gadin tankinsa bai yi barci ba, gobe kuwa shi ne zai riƙe sitiyarin mota mai tan 30 a hanyar da 'ya'yanmu suke bi zuwa makaranta. Ga kuma ita kanta motar da aka jingine a gefen kwalta ba fitila, wadda ƙananan motoci suke afka wa cikin duhu.

Mutanen gari su ma suna biya. Gefen hanya yana zaizayewa, lunguna suna zama makewayi, tankar mai tana kwana kusa da mai tuyar ƙosai. Ba wanda ya manta da daren 15 ga Oktoba 2024 a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, inda gobarar tankar mai ta ci rayuka fiye da 150. Gaskiya ne wannan tankar faɗuwa ta yi, ba kwana ta yi ba, amma ta nuna mana abin da yake cikin kowace tankar da muke bari ta kwana a ƙofar gidajen mutane.

Kada kuma ma'aikaci ko ɗalibi ya ce wannan matsalar direbobi ce. Ƙaramin ma'aikacin da aka turo Dutse daga Birniwa ko Gwaram domin taro, kuɗin kwanansa ba ya kai shi babban otal, ƙananan kuwa bai san wanda zai shiga ya fito da mutuncinsa ba. Yarinyar da ta zo rubuta jarrabawa ko neman gurbin karatu, in ba ta da dangi a gari, ina za ta sauka? Tsakanin otal mai tsada da bencin tasha akwai babban rami, kuma yawancinmu a cikinsa muke faɗawa.

ABIN DA YA KAMATA

Shawarata ita ce Gwamnati kada ta gina, kada kuma ta gudanar. Abin da za ta yi shi ne ta kafa suna, ta tsare shi. A sami hukuma ƙarama, ko kamfanin haɗin gwiwa da ƙungiyar direbobi da ta masu motocin sufuri, wanda zai mallaki allo ɗaya da ƙa'ida ɗaya. Duk mai fili a bakin hanya, a Shuwarin ne ko Kiyawa ko Birnin Kudu ko Gujungu ko Maigatari, in ya cika sharuɗɗa a ba shi allon, ya zuba jarinsa, ya ci ribarsa. Sharuɗɗan kuwa ba masu wuya ba ne: katanga da ƙofa ɗaya, fitila duk dare, rijiyar burtsatse, makewayi na maza daban na mata daban, wurin salla, kayan kashe gobara, da keɓantaccen wurin tankoki nesa da masu girki. A rubuta farashi ƙuru-ƙuru a bakin ƙofa, a ba da rasit. Sharaɗin da ya fi duka shi ne na fatoma: abin da ya ɓace a cikin katanga, mai zango ne zai biya.

Sai mu ɗauki darasi daga koken Amurkawa, kada mu sa mai barcin awa shida ya biya kuɗin abin da bai nema ba. Shi kansa KOA daga baya ya raba zangunansa aji uku, na masu wucewa, da na masu 'yan kwanaki, da na masu hutu sosai. Mu ma a yi aji uku. Na farko fili ne da ruwa da gadi, da rumfar shimfiɗa tabarma, a farashin da yaron mota ma zai iya. Na biyu a ƙara ɗakuna masu tsabta, marasa ƙawa, daidai kuɗin kwanan ƙaramin ma'aikaci da aljihun ɗalibi. Na uku, in an ga kasuwarsa, a yi shi kusa da wuraren da baƙi suke zuwa kallo, kamar duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, ko dausayin Baturiya inda tsuntsaye suke sauka daga Turai lokacin hunturu. Amma a fara da na farko, domin shi ne mai ceton rai.

Shin zai biya mai shi? Mu koma ga misalinmu. A ce zango yana ɗaukar mota 40, rabinsa kawai yake cika, kowace mota naira 2,000. Naira 40,000 ke nan a dare, naira 1,200,000 a wata, ban da hayar rumfunan masu abinci da mai faci da bakanike da mai wankin mota. In an cire kashi 10 na masu suna, naira 120,000 ke nan, kuma wannan kuɗi bai kamata ya shiga baitulmali ya nutse ba. Aikinsa shi ne biyan masu duba aiki da sanar da matafiya inda zangunan suke. Lissafin gaskiya zai bambanta daga gari zuwa gari, amma ya isa ya nuna cewa sana'a ce, ba sadaka ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina. Zai ce wannan wata sabuwar ƙofar karɓar haraji ce, gobe za a sa gungume a hanya a tilasta wa kowa shiga. Tsoron yana da tushe, kuma maganinsa biyu ne. Na ɗaya, kada a ba mutum ɗaya gari sukutum; in biyu ko uku sun cika sharaɗi a ba su duka, su yi gasa. Na biyu, kada a hana tsayawa a gefen hanya sai an tabbata akwai wurin da ya wadatar a kusa. Hani kafin tanadi zalunci ne, kuma cin hanci kawai zai haifar. Zai ce kuma mai duba aiki za a saye shi da ɗan goro. Wannan ita ce babbar barazana, domin ranar da aka bar allo a ƙofar zangon wani babban mutum alhali famfonsa ya ƙafe, ran nan sunan ya mutu a hanyar duka. Sabo da haka a sa wakilan direbobi cikin masu dubawa, a buga sakamakon a jarida, a karanta shi a rediyo, a kuma ba matafiyi lambar da zai kai kuka. Direbobinmu ba su gaza fataken da wajen yaɗa labari ba. A tasha ɗaya za su kashe kasuwar macuci.

Ba sabuwar magana ba ce a ƙasar nan. Majalisar Masu Safarar Kaya ta Jiragen Ruwa ta yi shekaru tana tallan shirin manyan wuraren tsayawar motoci a garuruwa irin su Lokoja da Obollo-Afor. Sai dai irin waɗannan manyan shirye-shirye sukan jira biliyoyi da masu jari daga waje, alhali abin da hanyarmu take bukata ƙananan wurare ne masu yawa, kowanne a hannun ɗan garin da zai ji zafi in ya lalace. Jigawa tana da fili, tana da hanya, tana da 'yan kasuwa. Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙe sunan da gaskiya.

Ga ma'aikatan da takardar irin wannan shiri za ta biyo ta teburinsu, roƙona shi ne kada su fara tambayar nawa Gwamnati za ta samu. Su fara tambayar wa zai sauke allo, kuma ko zai iya sauke na wanda ya fi shi ƙarfi. Ga ɗalibai kuwa, musamman masu karatun tattalin arziki da tsara birane, ga aikin bincike a ƙofar gida: ku fita dare ɗaya ku ƙidaya motocin da suke kwana tsakanin Dutse da Shuwarin, ku tambayi direbobi abin da suka yi hasara a shekara, da abin da za su yarda su biya. Da wannan ƙidaya za a iya tunkarar kowane Kwamishina.

Har yau ana tunawa da Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, sabo da rijiyoyi da masaukan da ta sa aka yi a hanyar Kufa zuwa Makka, fiye da shekara 1,200 da suka wuce, hanyar ma da sunanta ake kiran ta. Mu ba a ce mu yi kamar nata ba. An ce ne mu yi katanga, mu haƙa rijiya, mu sa mai gadi, sa'an nan mu cika alkawarin da muka rubuta a allo. Mutumin da yake kwance yanzu a ƙarƙashin motarsa a hanyar Shuwarin baƙonmu ne, ko mun sani ko ba mu sani ba, kuma gobe da safe hanya ɗaya za mu bi da shi. Allah ya kai kowa gidansa lafiya, amin.